Aron Tulu: Tarihin Lemuel Tarpley na Smoketown

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Lemuel Tarpley a cikin watan Oktoba na shekarar 1889, a unguwar Smoketown ta birnin Louisville da ke jihar Kentucky. Sunan mahaifinsa Ransom Tarpley, mahaifiyarsa kuwa Mahala, kuma dukkansu biyu a cikin bauta aka haife su a Carolina ta Kudu, sa'an nan suka yi ƙaura zuwa bakin kogin Ohio bayan an soke bautar, domin neman inda mutum zai ci gumin kansa. Ransom maginin tukwane ne tun ƙuruciya, kuma a Louisville ya sami aiki a wata ma'aikata da ke gina tuluna masu siririn wuya, waɗanda masu dafa barasar wiski ke ɗura hajarsu a ciki. Lemuel shi ne ɗa na uku a wurinsu, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu har ya girma.

Magina na wancan zamani sukan ƙwanƙwasa tulu da yatsa domin su ji ko ya tsage a cikin wuta, amma Ransom yana da tasa hanyar. Yakan kawo bakin tulun kusa da nasa ba tare da sun haɗu ba, ya matse leɓɓansa ya fitar da iska suna karkarwa, irin yadda doki ke yi idan ya gaji. Tulu mai lafiya yakan amsa da murya mai kauri wadda ake ji har cikin ƙirji, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarsa a shaƙe take fitowa. A shekarar 1896 wani tulu mai launin ƙasa ya fito daga wuta da muryar da Ransom bai taɓa jin irinta ba, sai ya roƙi mai ma'aikatar ya bar masa shi, aka kuwa bar masa. A gindin mariƙin tulun akwai shatin babban yatsansa, inda ya danne yumɓun tun yana ɗanye. Da shi yake shan ruwa, da shi kuma yake raka waƙoƙin coci a ƙofar gida da yamma, Mahala tana rerawa, Lemuel yana zaune a ƙasa ya zuba wa leɓɓan uban ido.

Karatunsa da Rasuwar Mahaifinsa

Ya shiga makarantar 'ya'yan baƙar fata ta unguwarsu a shekarar 1896, inda ya sami karatu da rubutu da lissafi daidai gwargwado. Malamarsa ta shaide shi da ladabi da natsuwa, sai dai ta ce shi kaɗai ne ɗalibin da ta taɓa kamawa yana busa kwalbar tawada ana tsakiyar darasi.

A lokacin bazara na shekarar 1902 Ransom ya rasu sakamakon ciwon ƙirji, bayan doguwar jinya, kuma aka kai shi maƙabartar cocin Little Bethel da ke bayan gari. Mutanen Carolina suna da wata al'ada, wadda Mahala ta zo da ita ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba: abin da mamaci ya yi amfani da shi na ƙarshe, kofi ne ko kwano ko fitila, a kan kabarinsa ake ajiye shi, kuma dole sai an fasa shi. Idan ba a fasa ba, a faɗarsu, mamacin ba zai kwanta ba, zai riƙa dawowa neman kayansa, in kuwa bai samu ba sai ya tafi da wani daga cikin iyalinsa. Ruwan ƙarshe da Ransom ya sha, daga wannan tulu ya sha shi.

Waɗanda suka halarci jana'izar sun yi ittifaƙi a kan abin da ya faru. Mahala ta ɗaga dutse ke nan, sai Lemuel, wanda bai cika shekara goma sha uku ba, ya sunkuya ya ɗauke tulun ya rungume.

"Ajiye shi, Lemuel," in ji ta. "Ba naka ba ne."

"Ara zan yi, Mama. In na gama zan mayar."

"Wa ka taɓa ji ya ari abu a hannun wanda ke cikin rami? Ajiye, na ce."

Yaron ya ja da baya, ya juya, ya bi ta tsakanin kaburbura da gudu. A gaban fasto da dattawan coci Mahala ta rantse cewa ba za ta sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da tulun ba har sai an fasa shi, kuma ita ba mace ba ce mai maimaita magana. Daga ranar tulun ya koma kwana a rumfar gawayi, har zuwa lokacin da Lemuel ya kama ɗaki nasa na haya.

Sana'arsa

A shekarar 1903 ya bar makaranta ya kama aiki a wurin gasa tubali, kuma a daidai wannan zamani ne titunan Louisville suka fara cika da makaɗan da ba su da halin sayen ƙahon tagulla ko babban goge na kanti. Abin da babu a aljihunsu sai suka nemo shi a madafin matansu. Wani ya kife bahon wanki, ya ɗaura masa igiyar shanya da sandar tsintsiya, ya sami kiɗa mai zurfi. Wani ya sa 'yan hulunan ƙarfe na masu ɗinki a yatsunsa yana karta allon wanki. Akwai mai cokula biyu, da mai mataji da 'yar takarda, da wanda ya haɗa goge da akwatin sigari da gashin wutsiyar alfadari. Tulu kuwa shi ne ke riƙe gindin kiɗan baki ɗaya, shi ya sa ake kiran su duka 'yan kiɗan tulu. A Smoketown kowa ya san matar makaɗi ba ta wanki ranar Asabar, domin baho da allo sun fita neman abinci.

A shekarar 1906 Lemuel ya haɗu da Tobe Mayfield, mai kaɗa baho, mutum gajere mai yawan surutu, wanda ya zama amininsa har mutuwa ta raba su. Suka kafa ƙungiyarsu ta mutum biyar, suna wasa a kusurwar titi, da wurin tseren dawaki na watan Mayu, da cikin jiragen ruwa masu hawa da sauka a kogi, da bayan masu tallar maganin da ke warkar da kowace cuta in ban da talauci. Sun kuma yi wasa a manyan gidajen fararen fata, inda ake shigar da su ta ƙofar baya, a tafa musu a falo, a ba su abinci a tsaye a madafi. Lemuel bai taɓa shan barasa ba, abin da Tobe bai gaji da yi masa tsiya a kai ba. "Kai mutumina," yakan ce, "kai kaɗai ne a garin nan ke wuni da tulu a baki, ka tashi ka gane hanyar gidanku."

Sauran masu busa sukan canza tulu duk lokacin da ɗaya ya fashe, domin abu ne da ake tsinta a bayan kowace mashaya. Lemuel kuwa a cikin tsohon bargo yake naɗe nasa, ba ya barin kowa ya ɗauka, ba ya kuma yarda a zuba komai a ciki sai ruwa. Ma'abota kiɗan sun tabbatar da cewa idan ya busa a bakin kogi ana jin sa a tsallake. Mahaifiyarsa kuwa idan ta hango su a titi sai ta sake hanya.

Aurensa da 'Ya'yansa

Ya auri Orlena Givens a shekarar 1911, mace mai sana'ar wanki da guga, wadda ta riƙa faɗa wa ƙawayenta cewa ta zaɓe shi ne saboda shi kaɗai ne a cikin ƙungiyar da ba zai sace mata baho ba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar: Idella a 1912, Ransom wanda ya ci sunan kakansa a 1914, Cleon a 1917, Hosea a 1921, sai Vesta a 1924. Mahala tana zuwa ganin jikokinta kowace Lahadi bayan coci, da burodin masara a ƙunshe, amma iyakarta baranda. A nan take zama, a nan ake kawo mata abinci, kafin duhu kuma ta koma gidanta.

A ƙarshen shekarar 1918 annobar mura ta shiga birnin, kuma a cikin waɗanda ta ɗauka har da Ransom ƙarami, yana da shekara huɗu. An binne shi kusa da kakansa. Mahala da hannunta ta fasa ɗan kofinsa a kan kabarin, sa'an nan ta miƙe ta faɗi magana a hankali, ba tare da ta dubi kowa ba: "Ya zo neman tulunsa bai samu ba, ya tafi da takwaransa."

Washegari da safe Orlena ta sami Lemuel a bayan gida, tulun a ƙasa, guduma a hannunsa.

"Baban Idella, me za ka yi?"

"Abin da ya kamata in bari a yi tun tuni."

"Cutar nan ta shiga gidan fasto ta ɗauki biyu. Shi tulun wa ya riƙe? Ka fasa yau, gobe da me za mu ciyar da waɗanda suka rage? Ni dai ba zan binne ɗa in kuma binne sana'a a mako ɗaya ba."

Ya ajiye gudumar, amma sai da shekara ta zagayo kafin ya sake kai tulun bakinsa. Har ƙarshen rayuwarsa bai san wacce ce ta faɗi gaskiya a cikin matan nan biyu ba, kuma wannan rashin sani ya ci masa rai fiye da yadda ya taɓa nunawa.

Zamanin Faifai

Da aka haramta sayar da barasa a ƙasar a shekarar 1920, yawo da tulu a titi ya zama abin tuhuma. 'Yan sanda sun sha tsayar da shi, su cire murfin, su sansana, su girgiza, su tarar babu komai. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi amfanin tulun da ba komai a ciki, Lemuel ya busa masa, ɗan sandan ya tsaya har waƙar ta ƙare ya nemi ƙari.

A shekarar 1926 wani kamfanin faifai ya kai ƙungiyar Chicago a jirgin ƙasa, aka ɗauki waƙoƙinsu huɗu. Mai ɗaukar sautin ya yi ta matsar da Lemuel baya har ya kusa fita daga ɗakin, saboda muryar tulun tana sa allurar na'urar tsalle. Da faifan ya fito, sunan ƙungiyar kawai aka buga a kai, babu sunan ko mutum ɗaya. A waɗannan shekaru kiɗan ya bi kogi ya sauka har Memphis, inda suka karɓe shi suka ƙara masa nasu gishirin, har daga baya wasunsu suka fara cewa a can aka haife shi, maganar da ba a yi a gaban mutumin Smoketown a zauna lafiya.

Daga shekarar 1930 fatara ta rufe ƙasar, rediyo ya shiga gidaje, matasa suka koma wa manyan ƙungiyoyi masu ƙahonni da kwat iri ɗaya. Masu baho suka mayar wa matansu da baho. Lemuel ya kama aikin tuƙa keken gawayi, daga baya ya zama mai shara da kula da wuta a wata makaranta, aikin da ya riƙe har tsufansa.

Ambaliyar 1937

A watan Janairu na shekarar 1937 kogin Ohio ya yi ambaliyar da ta cinye mafi yawan birnin. Mahala, wadda a lokacin ta doshi tamanin, tana zaune ita kaɗai a wani gida da ke gangare kusa da rafi. Lemuel da Tobe suka samo kwalekwale suka ɗauko ta, suka kawo ta gidan Lemuel, inda iyalin suka tattaru a ɗakin sama domin ƙasa ta riga ta zama kogi. Ta taga ake shiga. Tsohuwar ta riƙe bakin tagar ta tsaya.

"Yana ciki?"

"Yana ciki, Mama."

"To, ku mayar da ni."

"Haba Mama," in ji Tobe, "ko Nuhu bai tsaya binciken fasinja ba. Da jaki da alade ya kwana."

"Nuhu bai rantse ba, Tobe. Ni na rantse. Kuma ka riƙe sandar nan da kyau, bakinka ba ya tuƙi."

Lemuel ya shiga, ya toshe bakin tulun, ya ɗaura igiya a mariƙinsa, ya zuro shi ta tagar har ya sauka kan ruwa. Sai da ta ga haka sa'an nan ta yarda aka ɗaga ta aka shigar. Kwanakin da suka yi a ɗakin, tulun yana ta yawo a ƙarshen igiyarsa, yana ɗan bugun bango idan ruwa ya motsa. Idella ta ruwaito cewa kakar takan karkata kunne ta ce wa Lemuel, "Haka yake ƙwanƙwasa ƙofa, mahaifinka. A hankali, kamar ba gidansa ba."

Wata rana da la'asar, ana zaune ana jin sanyi, ta dubi ɗanta ta ce, "Rufin nan iyakarsa taga, ko ba haka ba? To, leƙa waje ka busa mini waƙar da mahaifinka yake yi da yamma." Lemuel ya jawo igiyar, ya fitar da rabin jikinsa ta tagar, Tobe na riƙe da ɗamararsa, ya busa waƙar cocin a kan ruwa. Mahala ta kama rerawa da 'yar muryar da ta rage mata. Rabonta da tsayawa ta saurari tulun tun ranar da aka binne mijinta, kuma duk wanda ke ɗakin sai da ya yi hawaye, har da Tobe, wanda ya ce hayaƙin murhu ne.

Da ya gama ta ce, "Ka iya, ban hana maka ba. Amma ara ka ce ka yi."

"Zan mayar, Mama. Ban gama ba ne tukuna."

Ta rasu a shekarar 1940, aka binne ta kusa da mijinta, ba ta karya rantsuwarta ba.

Shekarunsa na Ƙarshe

Orlena ta rasu a 1955, Tobe ya bi ta a 1958, Lemuel ya koma zama a gidan 'yarsa Idella. A shekarar 1962 wasu ɗalibai fararen fata daga arewa, waɗanda suka tsinci tsohon faifan suka haukace a kansa, suka yi ta tambaya gida gida har suka gano mai busa tulun. Suka zauna a gabansa a ƙasa, suna kiran sa Mista Tarpley, abin da bai saba ji daga bakin irinsu ba. A shekarar da ta biyo baya suka kai shi wani babban taron makaɗa, inda ya busa, duk da haƙoransa sun zube, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi.

Bayan taron wani jami'i daga gidan adana kayan tarihi ya zo har Smoketown ya roƙi a ba su tulun, a ajiye shi cikin gilashi tare da suna da tarihi, inda za a riƙa ganin sa bayan duk masu rai sun shuɗe. Wannan tayi ya shiga ran Lemuel ƙwarai, domin ya shafe rayuwarsa yana kiɗa ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, kuma yana son a rubuta. 'Ya'yansa maza, Cleon da Hosea, suka goyi bayan a bayar.

"In kun sa shi a gilashi, wa zai busa?" Lemuel ya tambayi jami'in.

"Babu wanda zai taɓa shi, Mista Tarpley."

"Sunan wa za ku rubuta a jiki?"

"Naka mana."

"To, ai ga matsalar, ɗan samari. Ba nawa ba ne."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya yi ta juya maganar har damina ta wuce sanyi ya shigo. Idella ta ce ita ma ta sa baki: "Baba, ka ba su mana, a san ka yi zamani." Ya daɗe yana shafa shatin yatsan da ke gindin mariƙin kafin ya amsa. "Idella, in na je can mutum uku za su tare ni. Tsohon zai ce ina tuluna. Tsohuwar za ta ce ina alkawari. Waɗannan na san amsarsu. Ƙaramin ne ban san abin da zai ce mini ba, shi nake tsoro." A ranar ya yi mata wasiyyar yadda za a yi, ya kuma sa aka sanar da jami'in cewa ya gode.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Lemuel Tarpley ya rasu a watan Maris na shekarar 1964, a gidan 'yarsa da ke Smoketown, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi masa addu'a a cocin Little Bethel, aka binne shi a maƙabartar cocin kusa da matarsa da iyayensa. Jana'izar ta sami halartar 'yan unguwa, da sauran tsofaffin makaɗa, da wasu daga cikin ɗaliban nan, da jami'in gidan tarihi, wanda ya tsaya a baya da hularsa a hannu.

Bayan an rufe kabarin, Idella ta kwance tsohon bargon, ta ɗauki tulun ta wuce da shi kabarin kakanta Ransom, ta ɗauki dutse ta fasa shi a gaban jama'a, ta jera gutattsarinsa a kan ƙasar. A kan kabarin Lemuel ba a ajiye komai ba, bisa wasiyyarsa, domin ya ce shi bai taɓa mallakar tulu ba. Allah ya ba shi hutawa.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha ɗaya: Idella, ma'aikaciyar jinya a Louisville, Cleon, ma'aikacin jirgin ƙasa a Cincinnati, Hosea, makanikin mota a Detroit, da Vesta, malamar makaranta a Louisville. Na biyar, Ransom ƙarami, ya riga shi tun 1918, yana kwance a gefensa, kuma a kan kabarinsa ne Idella ta ajiye mariƙin tulun, mai shatin yatsan kakansa.